Baba na shan maganin suga, ya dinga gumi da sambatu sai da aka ba shi lemo ya dawo: me ke faruwa?

"Assalamu alaikum likita, dan Allah ina da tambaya akan mahaifina. Shekararsa 68, yana da ciwon suga kusan shekara tara, yana shan Daonil da Glucophage ga kuma maganin hawan jini. Ranar Talatar da ta wuce ya sha maganinsa da safe ya ɗan kurɓi koko ya fita gaisuwar mutuwa, bai dawo ba sai wajen azahar, yana shigowa muka ga rigarsa sharkaf da gumi, hannunsa na rawa, ana masa magana yana amsa wani abu daban har da zagi, abun da bai taɓa yi ba. Mama ta ce iska ce a kira malam, yayana ya ce shanyewar jiki ce. Wata maƙociyarmu da ke aikin asibiti ce ta shigo ta ba shi rabin kwalbar Fanta ya sha, wallahi ko minti ashirin ba a yi ba ya dawo daidai yana tambayar me ya tara mu. Yanzu rigima ake a gidan, Mama ta ce an ba mai ciwon suga guba. Kuma wannan ne karo na biyu a wata ɗaya, na farkon da daddare ne. Shin dama suga na yin ƙasa ga mai ciwon suga? Ya ake ganewa? Kuma yana so ya cigaba da azumin Litinin da Alhamis."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Kafin komai ku je ku yi wa maƙociyar nan godiya ta musamman, dan abun da ta yi shi ne daidai, kuma da ni ne a wajen abun da zan yi kenan. In na fahimce ki tambayarki kashi uku ce: ko suga na iya faɗuwa ga wanda aka ce sugansa ya yi yawa, ya za a gane in ya faɗi, sannan maganar azumi. Amsar ta farko eh ce, yana faɗuwa sosai ma, kuma a asibitin masu ciwon suga da nake zama babu satin da zai wuce ban ji irin labarin nan naku ba, wani lokacin har kalaman iri ɗaya, iska ce, a kira malam.

Mama ba ta yi laifi ba fa, mu ma'aikatan lafiya ne muka koya mata rabin karatu. Shekara tara ana ce mata kar ya sha suga, kar ya sha lemo, a rage tuwo, a rage shinkafa, babu wanda ya zaunar da ita ya ce Hajiya akwai ranar da wannan sugan da muke hana shi shi ne zai ceci ransa. Hawan suga yana ɓarna ne a hankali, shekara da shekaru yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Faɗuwar suga kuwa ba ta jira, cikin awa ɗaya ko biyu tana iya kai mutum dogon suma.

Abun da ke faruwa a cikin jiki

Duk jinin da ke jikin babban mutum, sugan da ke yawo a ciki bai wuce kamar cokalin shayi ɗaya ba, giram 4 zuwa 5. Ɗan wannan shi ƙwaƙwalwa ke rayuwa da shi, kuma ita ba ta da rumbu, ba ta ajiya, abun da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Mai lafiya in ya jima bai ci abinci ba jikinsa da kansa yake rage insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, sai hanta ta buɗe ajiyarta ta dinga sako suga kaɗan kaɗan, shiyasa za ki yi azumin awa goma sha huɗu ki ji yunwa kawai ba ki faɗi ba. Toh matsalar Daonil, wanda a jikin kwalin za ki ga an rubuta glibenclamide, shi aikinsa matsa wa gaɓar da ke samar da insulin ne ta fitar da shi, ko an ci abinci ko ba a ci ba, bai san Baba ya tafi gaisuwa ba, bai san koko kawai ya kurɓa ba. Insulin na ta kwashe suga daga jini yana kuma hana hanta sako nata, ga tafiya a rana tana ƙona sauran, zuwa azahar tanki ya ƙare.

A lissafin asibiti in na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70 suga ya yi ƙasa, a ɗau mataki. Ƙasa da 54 an shiga haɗari na gaske. Wannan in na'urarku mai rubuta mg/dL ce, mai kawo manyan lambobi irin su 110 ko 180. In kuma mai mmol/L ce, mai kawo 5.6 ko 8.2, to lambobin su ne 3.9 da 3.0. Ki duba taku yau ɗin nan ki san wacce ce, na taɓa ganin gidan da suka ga 3.1 suka kwantar da hankali wai ai sugan ya sauka alhamdulillahi. Sannan duk lokacin da mutum ya kai matsayin da ba zai iya taimakon kansa ba sai wani ya taimake shi, kamar yadda ya faru da Baba, mu a wajenmu wannan mai tsanani ne ko nawa na'ura ta nuna.

Alamomin

Zuwa biyu suke yi. Na farko jiki ne ke buga ƙararrawa: gumi mai sanyi ko ba zafi ake ba, rawar hannu, faɗuwar gaba, zuciya na bugawa da sauri, wata irin yunwa mai cizo da take zuwa farat ɗaya, wasu su ji leɓensu na tsitstsira ko ya yi nauyi, wasu kuma haka kawai su ji tsoro ko haushi. In aka kama shi a nan abun wasa ne, ƙwayar suga huɗu ta gama magana.

In ba a kama ba sai ƙwaƙwalwar kanta ta fara jin yunwa, a nan ne ake samun abun da kuka gani. Magana ta karkace kamar ta mashayi, ido ya dinga gani bibbiyu ko dishi dishi, mutum ya kasa saka maɓallin riga ko ya tsaya yana kallon buta ya rasa me zai yi da ita, dattijo mai kunya ya dinga ashar, mai haƙuri ya kai duka, wani ya yi ta dariya ko kuka ba dalili. Daga nan sai barci mai nauyi, ko jijjiga irin ta farfaɗiya, sai suma. Kuma yayanki bai yi nisa da gaskiya ba, dan faɗuwar suga na iya kwaikwayon shanyewar ɓarin jiki sak, baki ya karkace hannu ɗaya ya saki. Akwai wani tsoho da 'ya'yansa suka kawo mana a bayan mota sun riga sun fara kiran dangi, ɓarin dama baya motsi, nas ta caki yatsa ta ga 32, muka tura masa ruwan suga ta jijiya, kafin a gama cike katinsa ya ɗaga hannun da aka ce ya mutu yana neman hularsa. Shiyasa a ɗakin gaggawa duk wanda aka kawo a ruɗe ko a sume, gwajin suga ne farko kafin a yi maganar hoton ƙwaƙwalwa. Amma ki riƙe ɗaya gefen ma: in an ba da suga, na'ura ta nuna ya hau, amma bakin na nan a karkace ko hannun bai dawo ba, to asibiti a take, wannan ba suga ba ne kaɗai.

Na daren da kika ambata ya fi damuna, dan shi ba mai gani. Alamarsa mutum ya farka zanin gado da filo sun jiƙe, ko mugun mafarki da firgita, ko ya tashi da asuba kai na sara jiki a mace kamar bai kwanta ba. Mama ce za ta fi kowa lura da wannan, in ta ji numfashinsa ya canza ko yana juye juye da gumi ta tashe shi, in ya tashi da ƙyar a gwada suga.

Akwai kuma wani abu da ke sa tsofaffi cikin haɗari fiye da matasa. Wanda ya daɗe da ciwon, ko wanda sugansa ke yawan faɗuwa, ƙararrawar nan ta farko tana dusashewa, jiki ya saba ya daina ihu, sai mutum ya tsallake gumi da rawar hannu ya faɗa ruɗewa kai tsaye. Kowace faɗuwa tana share wa ta gaba hanya. Abun daɗin shi ne in aka yi sati biyu zuwa uku ana kiyayewa suga bai faɗi ba ko sau ɗaya, yawanci alamomin na dawowa. Wasu magungunan hawan jini ma, irin su propranolol da atenolol, suna ɓoye bugun zuciya da rawar hannun, gumi kawai suke bari, dan haka ina so ki duba sunan maganin hawan jinin Baba ki faɗa wa likitansa.

Me yasa yanzu, bayan shekara tara?

Nasan wannan ce tambayar da ke ran kowa a gidan, maganin nan ai ya daɗe yana sha ba abun da ya faru. Ban ga Baba ba, ban auna shi ba, dan haka ba zan yanke hukunci daga nan ba, amma zan gaya miki inda hankalina ke zuwa in irinsa ya zauna a gabana.

Ƙoda nake fara tuhuma. Ita ke fitar da ragowar maganin nan daga jiki, kuma shekara 68 da suga da hawan jini tare, ƙoda tana iya raguwa shiru ba ciwo ba kumburi. In ta ragu sai maganin jiya ya tarar da na yau, ƙwaya ɗayan da ta yi masa daidai yana ɗan shekara 59 ta zama kamar biyu. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a jerin muhimman magungunanta ta rubuta cewa glibenclamide bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, wani maganin suga ɗan'uwansa mai suna gliclazide ta sa a wajen. Amma a nan wajenmu har gobe ana yawan rubuta shi saboda araha da samuwa a kowane kyamis, kuma da yawa tun katin farko da aka rubuta musu suke zuwa suna saye ba a sake dubawa ba. Ni dai gaskiya in tsoho ya zo min da Daonil hannuna ƙaiƙayi yake sai na canza.

Na biyu cin abinci. Ya rame kwanan nan? Haƙora sun fara ba shi matsala? Ko wani ya tsorata shi ya daina tuwo da shinkafa gaba ɗaya ya koma ganye da wake kaɗan? Ina ganin wannan sosai, mutum ya ji wa'azin rage abinci a rediyo ko WhatsApp ya yanke rabin cinsa amma magani na nan yadda yake. Ga kuma tsadar rayuwa, gidaje da yawa cin sau uku ya koma biyu, magani kuma ba a gaya masa ba.

Na uku abun da aka ƙara a kai. Septrin, ciprofloxacin da 'yan'uwansa da ake sha wai na taifod, fluconazole, duk suna iya ƙara wa irin su Daonil ƙarfi. Kwinin na maleriya shi da kansa yana sa jiki fitar da insulin, ita ma maleriyar in ta yi tsanani tana saukar da suga. Tramadol ma an san shi da wannan. Giya kuma, ga masu sha, tana toshe hanta ta kasa sako suga, har cikin dare bayan an sha.

Sai maganin gargajiya, kuma a nan nasan za a ce likitoci dama ba sa so. Ba haka ba ne. Shuwaka, garahuni, hulba, zogale, ganyen darbejiya, mutanenmu na jiƙa su suna sha dan suga, wasunsu kuma suna ɗan saukar da shi, matsalar ita ce ana haɗa su da na asibiti a ɓoye ba awo. Wanda ya fi ban tsoro shi ne garin magani ko kafso na leda da ba a san me ke ciki ba, dan an sha kama irinsu a ƙasashe daban daban an cusa musu glibenclamide ɗin nan dai a ciki dan mai saye ya ga aiki. A Singafo a 2008 mutum 150 da ba su da ciwon suga ma aka kwantar da faɗuwar suga mai tsanani, aka bi diddigi aka tarar maganin ƙarfin maza na bayan fage ne da aka gauraya da shi, wasu sun mutu. Ki tambayi Baba cikin ladabi, ko ki sa yayanki ya tambaye shi su biyu, ko akwai wani abu da wani aboki ya kawo masa.

Sai kuskure na tsufa, ya sha ya manta ya sake sha. Ko a ba shi Daonil a wani waje, a wani wajen a ba shi Glucovance, bai san shi ma akwai glibenclamide a cikinsa ba. Shi Glucophage, wato metformin, shi kaɗai da wuya ya jefa mutum cikin wannan hali, dan haka ba shi nake zargi ba, duk da shi ma in ƙoda ta yi rauni sai an duba adadinsa.

Tunda wasu masu allurar insulin za su karanta wannan bari in ɗan ratse. Ku haɗarinku ya fi na kowa, musamman masu Mixtard da ake yi safe da yamma, in ka yi allurar safe to abincin rana ya zama dole. Kuma ku duba kwalba ku duba sirinji: in kwalbar an rubuta 100 sirinjin ma ya zama na 100, yawanci mai murfi ruwan lemo. In ka ja insulin na 100 da sirinjin 40 mai jan murfi, ka yi wa kanka ninki biyu da rabi na abun da aka rubuta maka. Wata baiwar Allah sau uku ana kawo ta a sume kafin mu ce a zo mana da ledar kayan allurarta, ashe nata sirinjin ne ya ƙare aka sayo mata wani a kyamis ɗin unguwa.

Abun yi in ya sake faruwa

In yana farke yana iya haɗiya, a ba shi suga mai saurin shiga jini kamar giram 15. A gida wannan shi ne cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a jiƙa a ruwa kaɗan, ko suga mai ƙwaya huɗu, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo irin Fanta ko Coke, na asali mai suga, banda wanda aka rubuta Zero. Kinga rabin kwalbar da maƙociyarku ta bayar awo ne ba kame ba. A zaunar da shi a jira minti 15 a gwada, in har yanzu ƙasa da 70 ne ko bai dawo daidai ba a maimaita. In ya dawo sai a bi da abinci mai riƙe ciki, tuwo, biredi, ɗan wake, fura, duk abun da ke akwai, dan lemon tashi ɗaya yake ya sauka. Amma kar a fara da fura da nono ko madara ko cakulan ko tsire, maiƙo na jinkirta shigar suga, lokacin kuma sauri ake.

In ba na'ura a kusa, ko tsinken gwajin ya ƙare kamar yadda ya saba ƙarewa a ranar da ake nemansa, a ba da sugan kawai. In ashe sama yake, cokali huɗu ba zai kashe shi ba, in kuwa ƙasa yake kun cece shi. Wannan jimlar ita nake so a karanta wa Mama. Kuma ba wanda ya hana addu'a, a yi tofi ana jiƙa suga.

In kuwa ya suma, ko yana jijjiga, ko barci ya danne shi baya iya haɗiya, dan Allah kar a ɗura masa komai, kar a buɗe baki da cokali, ruwan zai tafi huhu ya ƙware a samu matsala ta biyu. A kwantar da shi ta gefe, a sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa, kuma tun daga ƙofa a ce mai ciwon suga ne yana shan Daonil, wannan kalmar kaɗai tana rage ɓata lokaci. Akwai allurar glucagon mai ɗaga suga da 'yan gida ke iya yi wa mutum a cinya, a Turai da Amurka masu insulin na ajiye ta, a nan samunta sai an sha wuya, dan haka mu dogaronmu ruwan suga ta jijiya ne. Wani abu kuma game da Daonil, yana daɗewa a jiki, mutum zai farfaɗo ya yi hira a sallame shi cikin dare ya sake faɗuwa. Shiyasa wanda ya suma saboda shi muke riƙe shi a gado kwana ɗaya ko biyu muna bibiya, in likita ya ce ku kwana kar ku ce ai ya warke.

Kar kuma tsoro ya sa a koma ɗaya gefen, duk ya ce wash a miƙa masa lemo. Wanda sugansa ya daɗe a 250 ko 300 in ya sauko 100 yana iya jin rawar jiki alhali bai faɗi ba, jiki ne bai saba ba. Na'ura ce ke raba gardama, a wanke hannu a busar kafin a caka, dan yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro ƙarya zai nuna.

Maganar azumi

A halin da ake ciki, faɗuwa biyu a wata ɗaya, ɗaya har da fita hayyaci, shawarata ya dakata da Litinin da Alhamis har sai an gyara maganin an ga ya zauna lafiya. Ni ba malami ba ne, amma azumin nan nafila ne, kuma ko na farilla Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. In ya ƙi jin ta bakinku ku haɗa shi da limamin da yake girmamawa, na ga wannan ya yi aiki fiye da dogon turancina. Akwai wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Musulmi 13 kan azumin 2001, aka ga faɗuwar suga mai tsanani ta ninka kusan sau bakwai da rabi a Ramadan ga masu irin ciwon Baba, wato nau'i na biyu. A ƙa'idar da ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta fitar tare da masana harkar Ramadan, wanda ya samu faɗuwa mai tsanani a 'yan watannin da suka gabata yana cikin waɗanda ake ba shawarar kar su yi azumi, wanda kuma aka yarje masa, in ya gwada ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300 ya karya nan take ko saura minti goma a kira magariba. Cakar yatsa dan gwaji ba ta karya azumi, malamai da yawa sun yi bayanin haka. Da yawa daga marasa lafiyata suna azuminsu lafiya lau, amma bayan mun zauna wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan mun canza magani ko mun maida mai ƙarfin zuwa buɗa baki, mun kuma yi yarjejeniya sahur sai dab da asuba. Dan haka ƙofa ba a rufe take ba.

Ku kai shi asibiti cikin satin nan, kar ku jira ranar da aka rubuta a kati. Kafin ku samu ganin likita kar ya sha Daonil in ba abinci a gabansa, in ya wayi gari baya iya ci ko yana amai ko gudawa to ranar a tsallake shi a nemi likita a ranar. Ku zuba duk abun da yake sha a leda ɗaya ku tafi da shi, na asibiti da na kyamis da na gargajiya har da jiƙon da ke ƙarƙashin gado. Ku roƙi a yi gwajin ƙoda da gwajin nan mai nuna matsakaicin suga na wata uku da ake kira HbA1c. In sakamakon ya fito 6 ko 6 da ɗan abu kar ku yi murna, ga mai shekara 68 da ke shan irin wannan magani alama ce an matse shi da yawa. An taɓa wani babban gwaji a Amurka da Kanada mai suna ACCORD inda aka yi ƙoƙarin danna suga ƙasa sosai ga masu nau'i na biyu, a 2008 aka dakatar da wannan ɓangaren saboda mace mace sun fi yawa a cikinsu, tun daga nan muka rage zafin hannu akan tsofaffi, 7.5 ko ma kusan 8 ya wadatar ga da yawansu. Likitan da ya gan shi shi zai zaɓa, ko ya rage, ko ya maida shi gliclazide, ko in aljihu zai ɗauka ya koma irin su Januvia ko Galvus da ba kasafai suke faɗar da suga ba, sai dai tsada.

Kafin nan ki samu littafi ki dinga rubuta gwajin safe kafin karyawa, da na wajen azahar, da na kwanciya barci, da duk lokacin da ya ji wani iri, kwana biyar ma ya isa likita ya ga inda ramin yake. In na kwanciya ya yi ƙasa da 100 ya ɗan ci wani abu kafin ya kwanta. A saka masa suga mai ƙwaya a ƴar leda cikin aljihun kowace riga da yake fita da ita, da ƴar takarda mai cewa yana da ciwon suga da lambar wayar ɗayanku, abokan zamansa na masallaci da majalisa su ma a gaya musu. In yana tuƙa mota ko babur ya ajiye tukunna sai likita ya gan shi, in an yarje masa daga baya ya dinga gwadawa kafin ya tayar, ƙasa da 90 ya ci wani abu tukun. Mama kuma ku tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta, tunda ita ke kwana ɗaki ɗaya da shi.